Fulin gaban injin Hilux ɗina ya tsage: na kamfani zan saya ko mai ruwa na Amurka?

Sani_Mile12
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin inji. A-kori-kura ce da ni, Hilux mai shan gas, injin 2KD, da ita nake kai tumatir da albasa daga Mile 12 zuwa Ajah da Sangotedo a nan Legas. Kwanan nan fan bel ya fara kuka da safe, kuma in mota tana sulo sai ka ga fulin ƙasa, wanda ke bakin karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, yana rawa. Makanikena ya haska min da tocila, robar da ke tsakiyar fulin duk ta tsattsage, ta wani gefen ma ta kunno waje. Ya ce a canza tun bai yi ɓarna ba.

Na tambayi farashi. Sabo na kamfani da tsada, ɗan Beljiyam, wato na hannu, da sauƙi, akwai kuma wani sabo a farin kwali wanda ya fi duka araha. Sai ƙanin matata da ke Amurka ya ce in bar su duka, wai can masu a-kori-kurar gas suna cire na kamfani su sa wani mai ruwan silikon a ciki maimakon roba, ba ya tsagewa, kuma yana kashe jijjiga. Ni kuwa motar tana karkarwa a gosulo har madubi ba ya nuna komai. Shin abin ya kai a yi odarsa?

Oga_Bala_Agege
Wa alaikumus salam Malam Sani. Kafin maganar saye, ajiye motar nan. In roba ta riga ta kunno waje, zoben wajen fulin yana iya sulluɓewa kowane lokaci. Bel ɗin da ke kansa shi ke juya caji da fanka da famfon ruwa. Ka yi tunanin ya cire maka a kan gadar Third Mainland da lodin tumatir cikin rana.

Sannan karkarwar da kake ji a kujera, da wuya fulin ne ya kawo ta. Duba injin sit, wato robobin da inji ke zaune a kansu, duba nozul masu fesa gas a silinda.

Garba_Direba
Ni fa ban ga abin dogon lissafi ba. Kai wa mai walda ya haɗe zoben da cibiyar wuri ɗaya, shi ke nan ba roba ba tsagewa. An yi wa motar maigidana haka, har yau tana tafiya.

Oga_Bala_Agege
Garba, don Allah kada ka ƙara ba wani wannan shawara. Robar nan ba don ado aka sa ta ba.

Injiniya_Umar
Bari in ɗan yi bayani, don in an gane aikin abin, sauran muhawarar za ta yi sauƙi.

Muna ganin karanshaf kamar ƙarfe ne da ba ya lanƙwasa, amma yana murɗewa. Duk lokacin da gas ya kama a silinda, fistin yana dukan karanshaf da ƙarfi. Bayansa yana ɗaure da filawil mai nauyi da giya da lodin mota, don haka ba ya saurin bin dukan. Sai ƙarfen ya ɗan murɗe, kamar yadda mai wanki ke murɗa zane, sannan ya warware ya wuce inda yake, ya sake dawowa. Murɗewar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya gani. Amma ku duba yawanta: inji mai silinda 4 yana bugu 2 a kowane juyi. A juyi 2,000 a minti, bugu 4,000 ke nan a minti ɗaya. Mai silinda 6 kuwa 6,000.

Inda haɗarin yake shi ne, kowane karanshaf yana da wani juyi da in inji ya kai shi, sabon bugu yana zuwa daidai lokacin da ƙarfen ke dawowa daga na baya, sai murɗewar ta riƙa ƙaruwa maimakon ta mutu. A nan ne ƙarfe ke gajiya. Tsaga takan fara daga kusurwar da mazaunin metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya haɗu da kafaɗar karanshaf, tana ci a hankali har ranar da zai karye.

Fulin gaban inji kashi uku ne: cibiya da ke ɗaure da karanshaf, zoben waje mai nauyi, da roba a tsakani. In bakin karanshaf ya fizga, zoben yana jinkiri saboda nauyinsa, robar ta miƙe ta shanye fizgar ta mayar da ita zafi. In ka yi walda ka kashe wannan aikin gaba ɗaya. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya, direba ba zai ji komai ba, amma karanshaf shi kaɗai yake shan dukan. Injin gas kuma ya fi na fetur buƙatar abin, domin matsinsa ya fi yawa. Tsohon injin gas na Hilux, 5L, yana matse iska kusan sau 22, na fetur ɗin Hilux 2.7 kuwa wajen sau 10 ne.

Garba_Direba
To Injiniya, ta maigidana fa da ba ta karye ba?

Injiniya_Umar
Ba ta karye ba tukuna, Malam Garba. Karanshaf ɗin mai silinda 4 gajere ne, ya fi juriya. Gwada wannan a kan 1HZ na Land Cruiser mai silinda 6 a jere, wanda karanshaf ɗinsa dogo ne, ka ga bambanci. Kuma ko bai karye ba, metal da haƙoran giyar taimin suna cinyewa da wuri, mai mota ya ɗora laifin a kan baƙin mai.

Hajiya_Rabi_Obalende
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce, amma motocin da ke min safarar kifi da kaji daga Ijora ni ke biyan kuɗin gyaransu, don haka ina da abin cewa. Malam Sani, na farin kwalin nan ka bar musu kayansu. An taɓa sa wa ɗaya daga cikin motocina irinsa daga wani shago, damina ɗaya bai ƙare ba zoben ya zame ya ci murfin taimin, bel ya tsinke, inji ya yi zafi. Kifin da ke ciki sai rabarwa aka yi. Kuɗin da aka rage a saye bai kai rabin kuɗin jan motar ba. Tun daga nan, duk abin da ke juyawa a inji na kamfani nake saya, fitila da madubi ne nake yarda da masu araha.

Idris_Ladipo
Hajiya ta yi gaskiya a kan na farin kwali, amma kada a haɗa shi da ɗan Beljiyam. Sana'ata ke nan. Ɗan Beljiyam na kamfani ne, daga jikin inji aka kwance shi, robarsa da nauyinsa daidai suke da abin da aka tsara. Sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Ga yadda za ka duba. Wanke shi tukuna, domin datti yana rufe tsaga. Danna robar da farce, in ta bushe ta yi tauri ko tana marmashewa, ajiye. In ta kumbura ta yi laushi, mai ta sha, ajiye. Dubi zoben da cibiya ta gefe, su zama a layi ɗaya. Dubi wuyan da oyil sil, robar da ke tare mai, ke hawa, in ya yi kwari zai riƙa yoyo. Sannan ramin ki, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe fuli da karanshaf su juya tare, kada ramin ya zama ya buɗe.

Oga_Bala_Agege
Idris, duk na yarda, amma shekarun roba fa? Injin 2KD ya fito tun farkon shekarun 2000. Fulin da aka kwance daga motar 2008, ko da ba tsaga a fuska, robarsa ta tsufa. Ƙarfe ɗan Beljiyam ina saye ba fargaba. Roba kuwa ko a ajiye take tana mutuwa.

Idris_Ladipo
Gaskiya ne Oga Bala, shi ya sa na ce a duba. Ba kowa ke da kuɗin sabo a wannan zamanin ba.

Musa_Houston
Assalamu alaikum daga nan. Bari in yi magana a kan mai ruwan, tunda shi ne a motata, Ram mai injin Cummins 5.9.

Abin da surukin Malam Sani ya faɗa akwai shi. Sanannu a nan su ne Fluidampr, da ake yi a jihar New York, da kuma ATI Super Damper na Baltimore. Amma ba iri ɗaya ba ne. Fluidampr gwangwani ne na ƙarfe a rufe ruf, a cikinsa akwai zobe mai nauyi wanda ba a ɗaure da komai ba, tsakaninsa da bango akwai silikon mai kauri sosai. In karanshaf ya fizga, gwangwanin ya bi shi, zoben ciki ya yi jinkiri, silikon ɗin ya shanye bambancin. Na ATI kuwa zobban roba ne a ciki, ana iya kwance shi a sabunta robobin.

Abin da ya kamata ku sani shi ne dalilin da ya sa mutanen nan ke saye. Yawancinsu sun ƙara wa injin ƙarfi ne. Sun sa babban tobo, manyan nozul, sun taɓa kwamfutar mota, wasu suna jan tirela mai nauyi, wasu gasa suke shiga. Na roba na kamfani an auna shi ne daidai da ƙarfi da juyin da injin ya fito da su. In ka canza waɗannan, awon ya tashi. Mai silikon ba a ɗaure yake da juyi ɗaya ba, yana aiki a faɗin juyi mai yawa, shi ya sa ya dace da injin da aka taɓa. Babbar kasuwarsu a ɓangaren gas ita ce Cummins na Ram, Duramax na Chevrolet da GMC, da Power Stroke na Ford. Kafin surukinka ya biya ko sisi, ya tabbatar ya ga sunan injinka a jerin kamfanin da idonsa.

Sani_Mile12
Na gode Malam Musa. Kai da ka sa, ka ji bambanci?

Musa_Houston
Na ji, amma ba a sulo ba. A kan babban titi da tirela a baya, wani gurnani da nake ji ta sandar giya ya ragu sosai. In mota tana tsaye kuwa, Cummins Cummins ne, yana girgiza abinsa. Kuma ni tsohon nawa ya riga ya mutu lokacin da na cire shi, don haka ko sabon na roba na sa da na ji sauƙi.

Nura_Kwamfuta
Abin da Oga Bala ya faɗa tun farko ke nan ba wanda ya kula. Jijjiga biyu ake haɗawa. Akwai murɗewar karanshaf, wadda fuli ke magani kuma ba ka jin ta. Akwai girgizar inji dungurungum, wadda kake ji a kujera da sitiyari. Ta biyun daga injin sit take zuwa, ko nozul ɗaya da ba ya ba da gas daidai da sauran. A 2KD in ka jona kwamfuta za ta nuna maka gyaran da take yi wa kowane nozul a sulo. In ɗaya ya yi nisa da 'yan uwansa, ga karkarwarka nan. Ko fulin zinariya ka sa ba zai gyara wannan ba.

Baba_Ali_Ijora
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Mai ruwan nan da kuke ta mamaki, mu a manyan motoci da shi muka saba. Ku zo Ijora ko Apapa ku leƙa gaban injin MAN ko DAF ko Mack, za ku ga faifan ƙarfe baƙi a bakin karanshaf. Shi ne. Manyan janareta ma haka.

Amma wanda ya ce ba ya lalacewa bai faɗi daidai ba. Yana lalacewa, illa dai ba ya nunawa. Na roba in ya mutu za ka gani da ido. Wannan a rufe yake. Tazarar da ke tsakanin zoben ciki da bango ƙanƙanuwa ce ƙwarai, in yaro ya yar da shi ƙasa ko ya buga masa guduma ya lotsa, zoben ya maƙale, ya zama dunƙulen ƙarfe kawai. In ya tsufa ya sha zafi, silikon ɗin yana daskarewa. In ya huje, yana tsiyayewa. Ni a garejina, injin da ya karya karanshaf ba na mayar masa da tsohon faifansa ko da yana ƙyalli. Kuma ɗan Beljiyam ɗin mai ruwa ba na saye, domin ba wanda ya san faɗuwar da ya sha a kwantena.

Injiniya_Umar
Allah Ya ƙara girma Baba. Ƙarin bayani ga masu na roba: littafin gyaran Cummins ya ce a duba layin da aka zana daga cibiya zuwa zobe, in ya goce fiye da milimita 1.59 a canza. Wanda fulinsa ba shi da layin, ya sa farin fenti ya ja da kansa, ya duba bayan 'yan kwanaki. In layin ya rabu biyu, zobe yana zamewa.

Aminu_Kara
Ni tambayata daban. Me ya sa a Legas robar nan ba ta daɗewa? Motata ta yi shekaru a Kano ba matsala, da na kawo ta nan ina jigilar dusa zuwa Kara sai ga tsaga.

Hajiya_Rabi_Obalende
Ruwa mana. Damina ta yi ka ga yadda muke iyo a hanyar Lekki. Inji da zafi ya faɗa cikin ruwa.

Oga_Bala_Agege
Ruwa yana da nasa, Hajiya, yana sa tsatsa ta shiga tsakanin roba da ƙarfe. Amma babban makashinta mai ne da zafi. Oyil sil na gaba ya fara yoyo, mai mota ya ce ai kaɗan ne, ya riƙa ƙara baƙin mai. Man nan a kan robar yake sauka. Ga kuma masu wankin inji da gas ko kananzir. Sannan gosulo: awa biyu kana tsaye tsakanin Ketu da Ojota da AC a kunne, iska ba ta ratsa inji, komfireso yana kamawa yana saki, kowane kamu fizga ce a kan zoben.

Garba_Direba
Gas ɗin ma da muke sha ai ba duka ne mai kyau ba. Na jarka da ake sayarwa a bakin titi shi ke kashe nozul.

Aminu_Kara
Wallahi. Tunda matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024 na ɗauka za mu huta da na jarka, amma har yanzu direbobi suna saye don ragin 'yan nairori.

Nura_Kwamfuta
Kuma nozul mai fitsari yana komawa kan maganarmu. Silinda ɗaya tana bugu da ƙarfi, ɗaya a raunane, robar fuli ce ke shan wahalar. In ka canza fuli ba ka gyara nozul ba, sabon ma zai gaji da wuri.

Shamsu_Alaba
Ni na ga wani a intanet, na alminiyom, mai launi ja, ba nauyi, an ce yana ƙara wa mota gudu. Shi fa?

Musa_Houston
Shamsu, wannan fuli ne zalla, ba roba ba zobe. Daidai yake da waldar Garba, sai dai ya fi ta tsada. A injin gas kada ka kusance shi.

Wani abu kuma da na manta. Ko na ƙwarai ne, ba kowane ke hawa kai tsaye ba. A tsohon Cummins mai bawul 12, sensa tana karanta juyin inji daga jikin fulin ne, in ba ta karanta ba har caji ba ya yi, don haka in girman sabon ya bambanta sai an matsar da ita. Duramax kuma wani ɓangare na daidaiton nauyin injin a jikin fulin yake, in ka sa wanda ba nasa ba ka jawo girgizar da babu ita da. Ba a sayen abin nan da ido, da lambar inji ake saye.

Idris_Ladipo
To ga shi. Ga kuɗin dala, ga jirgi, ga kwastan, in ya iso bai hau ba wa za ka mayar wa? Tsakanin na kamfani da na farin kwali akwai hanya ta uku fa: kamfanoni irin su Dayco da Corteco suna yin fulin roba na canji. In ka samu na gaske mai lambar motarka, ba laifi. Matsalar ita ce kwali ma ana bugawa. A Ladipo ko Trade Fair, sayi wurin wanda zai ba ka rasit kuma ka san shagonsa gobe yana nan.

Injiniya_Umar
Ra'ayina, injin da ba a taɓa ba, na kamfani ya ishe shi, domin da shi aka auna shi. Amma ba zan ce mai silikon ɓarnar kuɗi ba ne ga kowa. Mai 1HZ da ya ɗora masa tobo yana hawa Arewa da lodi, ko mai Ram da ke jan kaya, in ya samu wanda aka yi don injinsa, ni zan ce ya saya.

Baba_Ali_Ijora
Injiniya, ni ko a injin da ba a taɓa ba, in akwai mai ruwa na ƙwarai na fi son shi a garin nan. Mai ba ya cin sa, ruwa ba ya shigarsa. Abin da ke kashe na roba a Legas ba ya taɓa shi.

Oga_Bala_Agege
Baba, sai dai yaran gareji su taɓa shi da guduma, kai ka faɗa da bakinka.

Malam Sani, ko wanne ka saya, ɗaurin ya fi sayen muhimmanci. Ka tsaya a kan motarka. A zare tsohon da fula, wato abin zaro fuli, mai riƙe cibiya, ba a sa ƙarfe a ɓamɓaro shi ba. Kada a buga sabon da guduma, dukan yana tafiya har metal ɗin da ke tare karanshaf daga gaba da baya. A canza oyil sil tunda an buɗe. A duba ki. Babban bol ɗin tsakiya kuma a ɗaure shi da sifana mai awo daidai da abin da littafin motar ya ce, ba a sa bututu yara biyu su hau ba. In ya yi sako-sako, fuli zai riƙa wasa ya cinye ramin ki a bakin karanshaf, daga nan sai sauke inji.

Sani_Mile12
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na ajiye motar tun jiya, na ɗauki hayar wata don kada kwastomomi su watse. Na tura wa surukina maganar Malam Musa, ya ce zai bincika ko akwai na 2KD, amma tumatir ba ya jiran jirgi. Makanikena ya duba, injin sit na ɓangaren direba ya fashe, kuma oyil sil yana jiƙe kamar yadda Oga Bala ya ce. Yanzu ina tsakanin sabo na kamfani da wani ɗan Beljiyam da aka turo min hotonsa.

Idris_Ladipo
Hoto ba ya nuna taurin roba. Je ka taɓa da hannunka, ka tafi da tsohon don a gwada faɗi da yawan layin bel.

Hajiya_Rabi_Obalende
Ni dai sabo na ce, ɗana. Ka ci bashin in ya kama.

Nura_Kwamfuta
In an gama ɗaurawa ka biyo Agege da safe kafin inji ya yi zafi, mu jona kwamfuta mu ga nozul ɗin.

Aminu_Kara
Oga Bala, sifana mai awon nan, wadda ta kai ƙarfin bol ɗin karanshaf, akwai ta a garejinka? Makanikin da ke min aiki a Berger ƙarama ce da shi, ya ce ba ta kaiwa.